Ba Hutu Suke Nema Ba: Abin da ke Riƙe Dattawa Masu Larura a Aikin Sa-kai

A unguwannin Kano, Zariya, Katsina ko Sakkwato, idan aka bi diddigin ayyukan da ba a biyan kowa a kansu, za a tarar masu furfura ne ke riƙe da su. Akwai mai buɗe masallaci kafin assalatu, da wanda littafin kuɗin gyaran burtsatse ke hannunsa. Akwai matar da ake aika wa yaro da tsakar dare idan naƙuda ta taso ko an yi rasuwa, da tsohon hedimastan da ke koya wa 'yan Islamiyya lissafi ranar Asabar, da dattawan da ke zama a zauren mai unguwa suna sasanta ma'aurata ko maƙwabtan da ke rigima kan kwata. Yawancinsu sun ba sittin baya, kuma da wuya ka samu wanda ba shi da abin da yake fama da shi. Wannan hawan jini, wancan suga, waccan kuma gwiwa ce ta sa ta gaba.

Abin da aka saba gani shi ne, ranar da ciwo ya kwantar da ɗayansu na mako biyu ko uku, sai 'yan kwamiti su je dubiya, a yi addu'a, a karɓi makulli da littafi, a ce, "Baba, ka huta haka nan, Allah ya saka da alheri." Da zuciya ɗaya ake faɗa. Amma daga ranar an daina kiran sa taro. Ya samu sauƙi ya miƙe, ba wanda ya mayar masa da komai. Unguwa ta yi asarar mutumin da ya san iyakar kowane fili da asalin kowace rigima, shi kuma ya rasa dalilin da ke sa shi ya yi wanka, ya sa riga, ya fita da safe.

Idan aka lura da kyau, ba kasafai ciwon kansa ke raba dattijo da aikin al'umma ba. An tsara aikin ne tun farko don mai jini a jika, shekaru suka ja, ba wanda ya sake duba tsarin. Abubuwan da ke riƙe irin waɗannan mutane a bakin aiki kuwa sanannu ne, kuma yawancinsu ba su da tsada.

Waɗanda suka tsufa a cikin aikin

Ƙungiyoyin da suka fi tara masu aikin sa-kai a Arewa ba na jiya ba ne. Jama'atu Nasril Islam tun 1962 take, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Fityanul Islam ta biyo baya a Kano a 1963, Izala kuma aka kafa ta a Jos a 1978. Kowacce tana da rundunar 'yan agaji masu kaki, waɗanda ake gani a filin Idi, wajen tafsirin azumi, sansanin alhazai da asibitoci. FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, an kafa ta a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce amirarta ta farko. A majami'u irin su ECWA, COCIN da EYN, Zumuntar Mata ce ke dubiyar marasa lafiya da tallafa wa gwauraye tun zamanin kakanni. Saurayin da ya sa kakin agaji a 1980 yana ɗan shekara ashirin, yau ya haura sittin, kuma da dama daga cikin irinsa ba su cire kakin ba.

Gwamnati ma a kansu ta jingina. Kwamitocin raya mazaɓu da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ta tsara don sa ido kan ƙananan asibitoci cike suke da tsofaffin malamai da masu faɗa a ji na unguwa. Lokacin da ake fama da iyayen da ke ƙin a ɗiga wa 'ya'yansu maganin shan inna, UNICEF ta fara ɗaukar dubban mata daga cikin unguwanni a 2012 don bin gida-gida, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ungozomomi da masu unguwanni. Ƙofar da aka rufe wa baƙuwar ma'aikaciya, ana buɗe wa tsohuwar da ta yanke cibiyar maigidan. Da irin wannan aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. A watan Afrilun shekarar ma, lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano, masu haƙa kabari na cikin waɗanda suka fara ankarar da jama'a cewa abin ya wuce yadda aka saba, tun kafin hukumomi su fito da alƙaluma.

Ga kuma sababbin shiga. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya ne idan ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta ne dokar 2022 ta ɗaga wa zuwa 65 da 40. Wanda ya kama aiki yana ɗan ashirin zai ajiye yana da 55, da ilminsa da sanin mutanensa. Malaman jinya, malaman gona, akawun kotu, duk suna dawowa unguwa da lokaci a hannu. Sai dai suna dawowa ne a daidai shekarun da katin asibiti ke fara zama a aljihu.

Kowane ciwo da inda yake tarewa

"Ba shi da lafiya" magana ce mai faɗi da ke ɓoye abin da ya kamata a sani. Kowace larura akwai takamaiman abin da take hanawa, akwai kuma abin da ba ruwanta da shi.

Mai ciwon gwiwa ko ƙugu, tsayuwa mai tsawo, hawa bene da tashi daga tabarma ne wahalarsa. Kansa da bakinsa ƙalau suke. Mai hawan jini da ke shan magani yadda aka ce zai iya yin kusan komai, illa wasu magungunan suna sa yawan fitsari, wasu kuma suna sa jiri idan mutum ya miƙe farat ɗaya. Mai ciwon suga, musamman mai allurar insulin, matsalarsa taron da aka ce ƙarfe goma za a fara, aka kai azahar ba a ci komai ba: sai gumi, rawar jiki da ruɗewa, alamar suga ya faɗi. Tafiya mai nisa da silifas ma haɗari ce gare shi, domin ɗan rauni a tafin ƙafa yana iya zama gyambo bai ji ba. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki yana iya rasa rubutu da hannun dama, amma bai manta yadda ake raba gado ba. Mai raunin ji kuwa, abin da ke korar sa daga taro kunya ce: a yi magana, a yi dariya, shi bai ji ba, ya gaji da cewa "na'am?", sai ya daina zuwa, mutane su ɗauka fushi ya yi.

Na ido ya fi ban takaici, domin yawancinsa yana da magani. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yanar ido ce ke haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya kauce wa ne ko a magance. Aikin cire yana ba ya kai awa guda, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da wasu da dama. Wani ma ba aiki yake buƙata ba. Sakataren kwamiti da ya ajiye littafi don rubutu ya fara haɗe masa, sau da yawa tabarau na karatu kawai ya rasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta kan tsufa na 2015, ta auna lafiyar tsoho da ko yana iya yin abin da yake da muhimmanci a gare shi, ko da kuwa yana ɗauke da ciwo biyu ko uku. A kan wannan fahimta aka gina shirin shekara goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana daga 2021 zuwa 2030.

A sauya aikin, kada a karɓe shi

Musulmi ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san hukuncin salla. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe. Sallar ba ta faɗi a kansa ba, siffarta ce ta sauya. Haka ya kamata a ɗauki aikin al'umma.

A ɗauki wankan gawa. A kowace unguwa akwai mace ɗaya ko biyu da aka sani da shi, kuma aiki ne na sunkuyo da juya nauyi, wanda mai ciwon baya ba za ta jure ba. A gidajen da aka gane, ba a cewa ta zauna a gida. Ana ajiye mata kujera mai tsayi a bakin ƙofar ɗakin, mata biyu masu ƙarfi su shiga. Ita ke cewa a fara da dama, a sa ganyen magarya a wannan ruwan, kafur a na ƙarshe, a rufe nan kada a buɗe. Likkafani a cinyarta yake, ita ke aunawa ta yanka. Idan 'yar mamaciyar ta fara kururuwa a tsakar gida, ita ce za ta kira sunanta sau ɗaya ta yi shiru. An yi wankan yadda ya dace, kuma mata biyu sun koyi abin da babu makarantar da za ta koya musu.

Haka ɗan agajin da ba ya iya tsayuwar awa uku yana tare motoci a filin Idi. A ba shi tebur a inuwa, wurin da ake kawo yaran da suka ɓace da kayan tsintuwa, ko a sa shi horar da sababbin shiga. Ungozomar da ƙafa ta hana ta raka mai naƙuda asibiti tana iya riƙe lambobin direbobin unguwa a wayarta, ita ke kira, ita ke shawo kan mijin da ke jan ƙafa. Tsohuwar malamar jinya, ranar riga-kafi, a zaunar da ita ƙarƙashin darbejiyar harabar asibiti da tulin katuna a gabanta. Tana buɗe kati za ta ce, "Wannan yaron ya wuce wata tara, ina allurar ƙyanda?" Tana ɗaga kai ta hango mai ciki da fuska da ƙafafu a kumbure, ta ce a shigar da ita a auna jininta yanzu, kada ta bi layi.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda, ya gina shiri guda a kan wannan tunani. A 2006, a unguwar Mbare da ke Harare, ya fara horar da tsofaffin mata 14 yadda za su saurari masu fama da damuwa su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Wurin aikin benci ne na katako a harabar ƙaramin asibiti. Gwajin da aka yi a asibitoci 24 na Harare, aka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA a 2016, ya nuna cewa bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun baƙin ciki mai tsanani, alhali a rukunin da ba su zauna a bencin ba sun kai kusan kashi 50. Aiki ne da ake yi a zaune, kusa da gida, kuma jarinsa haƙuri da sanin rayuwa, abubuwan da ciwon gwiwa ba ya taɓawa.

Lokaci, inuwa da banɗaki

Akwai abubuwan da dattijo ba zai taɓa buɗe baki ya nema ba, sai dai a ga ya daina zuwa. Na farkonsu banɗaki. Namijin da tsufa ya kawo masa matsalar riƙe fitsari, ko macen da ke shan maganin da ke sa ta zagayawa duk bayan awa guda, ba za su faɗi haka a gaban 'ya'yan cikinsu ba. Idan wurin taro ba shi da makewayi mai tsafta a kusa, da buta da ruwa, da ɗan ƙarfen dafawa a bango, to an sallame su ba tare da an sani ba.

Na biyu wurin zama. Tabarma da kujera 'yar tsugunno sun dace da al'ada, amma mai ciwon gwiwa idan ya zauna sai an kama shi ya tashi, kuma ba dattijon da ke son a riƙa ɗaga shi a bainar jama'a. Kujerar roba mai hannu, wadda zai dafa ya miƙe da kansa, ta raba wannan gardama. Matakala uku a ƙofar ofis ba tare da abin riƙewa ba, ko taro a saman bene, su ma hukunci ne a kan wanda zai halarta.

Na uku lokaci. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Kano da Sakkwato yana haura maki 40, kuma jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, ba ya kuma fitar da zafi kamar na yaro. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Aikin da za a sa dattawa a irin wannan yanayi, da hantsi ya dace ko bayan la'asar. Da hunturu kuma akasin haka: mai asma ko tari ba na fitar sassafe cikin hazo ba ne. A watan azumi, mai suga da likita ya yarje masa ya yi azumi bai kamata a haɗa masa da rabon abinci a rana ba.

Sai tsawon zaman kansa. Taron da ya fara kan lokaci ya ƙare cikin awa guda, da ruwan sha da 'yan dabino a gefe, da mai magana da ke fuskantar jama'a yana ɗaga murya, dattawa ba sa gudun sa.

Kuɗin mota da kuɗin magani

Ana cewa aikin Allah ne, lada ake nema. Gaskiya ne. Amma mai Adaidaita Sahu ba ya karɓar lada. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, faɗuwar darajar naira kuma ta ɗaga farashin magunguna, musamman waɗanda ake shigowa da su. Ɗan fansho da ke jiran kuɗin da ba su isa ba, kuma ba sa zuwa kan lokaci a jihohi da dama, idan ya zo zaɓi tsakanin maganin wata da zirga-zirgar kwamiti, an san wanda zai ɗauka. Mafi muni shi ne wanda zai zaɓi zirga-zirgar, ya riƙa tsallake maganin hawan jini yana cewa ai ba ya jin komai. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

A Amurka, shirin gwamnati na Foster Grandparents, wanda tun 1965 yake tura dattawa masu ƙaramin ƙarfi makarantu da gidajen renon yara, ya gane wannan tun farko. Ana ba su ɗan alawus na kowace awa wanda ba a cire masa haraji, ana mayar musu da kuɗin mota, ana ba su abinci a ranar aiki, kuma an daɗe ana haɗa musu da gwajin lafiya. Manufar ita ce kada talaka ya ciro daga aljihunsa don ya yi taimako.

Masallaci ko majami'a ba za su iya biyan alawus ba, amma akwai abin da suke iyawa. Daga asusun da ake sayen man janareta ana iya ware kuɗin motar dattawa uku ko huɗu, a ba su a asirce cikin ambulan, ba a gaban taro ba. Mai mota a cikin 'yan kwamiti ya riƙa biyawa ta ƙofar gidansu. Na'urar awon jini guda ɗaya mai batir, a ajiye a ofishin ƙungiya, a riƙa aunawa kafin a fara zama ana rubutawa a littafi, ta isa ta nuna wanda ya daina shan magani. Kusan kowace babbar ƙungiya tana da likita, malamin jinya ko mai kemis a cikin mambobinta. Ana gayyatar su su duba jama'ar gari kyauta, a manta da dattawan da suka shirya taron.

Iyali da abokin tafiya

Sau da yawa ba kwamiti ne ke zaunar da tsoho ba, 'ya'yansa ne. "Mama, me kika rasa? So kike mutane su ce mun kasa riƙe ki?" Tsoronsu yana da tushe. Faɗuwa ɗaya a bakin kwata na iya karya ƙugu, kuma karayar ƙugu a tsufa ba wasa ba ce. Amma zaman ɗaki ma yana da nasa haɗarin: tsokar ƙafa tana saurin zubewa idan ba a motsa ta, suga da jini suna ƙara hawa, ga kaɗaici.

A birnin Baltimore na Amurka, Dakta Linda Fried da abokan aikinta na Jami'ar Johns Hopkins sun bi diddigin shirin Experience Corps, inda 'yan shekara 60 zuwa sama ke yin awa 15 a mako suna taimaka wa yaran ƙananan azuzuwan firamare da karatu. Da yawansu suna da hawan jini, suga ko ciwon gaɓɓai. An ga sun ƙara yawan motsi da ƙarfin jiki idan aka kwatanta da takwarorinsu da ba su shiga ba, har da waɗanda suka fara da raunin lafiya. Wani abin lura a tsarin shi ne ba a tura mutum shi kaɗai. Rukuni-rukuni ake tura su makaranta guda, ta yadda idan ɗaya ya kwana biyu bai zo ba, akwai masu cigiyarsa da masu riƙe masa aiki.

Wannan shi ne abin da ke kwantar da hankalin iyali. Idan shugaban ƙungiya ya tako har gida ya ce, "Hajiya za ta riƙa zuwa Talata da Alhamis ne kawai, wance za ta biyo mata ta dawo da ita, ga lambata," maganar takan sauya. Matashin da aka haɗa da dattijo shi ne ƙafarsa da idonsa: ya ɗauki jaka, ya karanta saƙon WhatsApp, ya cike fom a waya. Ya kamata kuma ya san larurar abokin tafiyarsa da abin da zai yi idan ta motsa, misali ya ba mai suga abu mai zaƙi idan ya ga yana gumi yana ruɗewa, ya kuma san cewa karkacewar baki ko sarƙewar harshe na nufin asibiti nan take. Abin da yake samu a madadin haka ya fi abin da yake bayarwa, domin yana ganin yadda ake shiga gidan da ake rigima a fito an yi dariya.

A bar ƙofa a buɗe

Ciwon tsufa yana zuwa ne yana lafawa. Wata guda mutum garau, wata guda yana kwance. Ƙungiyar da dokarta ta ce wanda ya yi fashin zama uku ya sauka, ta riga ta kori duk mai larura. Abin da ke aiki shi ne a naɗa mataimaki da zai riƙe, a faɗa a fili cewa riƙo ne, kuma ranar da mai abu ya dawo a miƙa masa kayansa a gaban kowa. A lokacin jinyar ma kada a yanke shi. A kira shi a waya, a ce ga abin da ya taso, me ka gani? Wani zaman a kai shi zaurensa. Dattijon da aka ci gaba da neman shawararsa yana kwance yakan yi ɗokin tashi.

Sannan a tambaye shi kai tsaye. Mutanenmu suna da kara: wanda ya ga an yi shiru zai ɗauka an gaji da shi ne, ba zai zo ya ce a mayar da ni ba. Tambayar da ta dace ita ce wane ɓangare zai iya riƙewa yanzu, a bar shi ya zaɓa da kansa. Girmamawar da ke riƙe mutum ita ce a ba shi abin da idan bai yi ba za a ji a jiki. Muƙamin "uban ƙungiya" da ba a tuna mai shi sai ranar rabon takardar yabo, sallama ce cikin ladabi, kuma su ma sun sani.

Inda ya kamata a tsaya

Duk da haka akwai iyaka, kuma ɓoye ta cutarwa ce. Wanda mantuwa ta fara yi masa yawa, yana maimaita tambaya ɗaya, lissafi yana rikice masa, bai kamata a bar kuɗin marayu a hannunsa shi kaɗai ba, don kare dukiyar da kuma kare mutuncinsa daga zargin da bai ci ba. Direban da ido ya raunana kada a sa shi ɗaukar mai naƙuda da dare. Lokacin ɓarkewar amai da gudawa, sanƙarau ko mashaƙo, ba a tura mai suga ko mai ciwon zuciya cikin majinyata. Mai jin ciwon ƙirji ko haki idan ya yi 'yar tafiya, likita zai fara gani kafin a yi zancen wani aiki.

Akwai kuma masu fakewa da lada su ci da gumin tsofaffi. Shirin da ke da kasafin kuɗi, jami'ansa na karɓar alawus a otal, amma tsohuwar da ke bin gida-gida a rana sai hula da riga mai tambari, wannan ba aikin sa-kai ba ne. Dattijo yana da haƙƙin ya ce ya gaji, kuma idan ya faɗa da bakinsa, a karɓa ba tare da an sa shi jin kunya ba.

Abin da ya rage wa hukuma

A takarda Najeriya ba ta rasa tanadi ba. Akwai dokar 2017 da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, shekarar da majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, kuma ta ambaci tsofaffi a cikinsu. Jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin KSCHMA ta Kano, waɗanda ke yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙananan asibitoci da kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta samar.

Gurbin da ake da shi a waɗannan shirye-shirye bai kai yawan mabuƙata ba, don haka kullum sai an zaɓa. Idan za a zaɓa, tsohuwar da ta shekara ashirin tana kai matan unguwa awo, da dattijon da ke kwana a maƙabarta lokacin annoba, sun cancanci shiga sahun farko, domin maganin wata-wata da aka ba su yana komawa ga jama'a ne ta hanyar aikinsu. Kwamitin raya mazaɓa da mai unguwa su ne ake tuntuɓa idan za a tattara sunaye, kuma babu wanda ya fi su sanin waɗannan mutane. Abin da ya rage shi ne su zauna su rubuta jerin, da sunan kowa da larurarsa da aikin da yake riƙe da shi, su kai wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma kafin zagayen rajista na gaba.